Haddis ɗina yana ƙas-ƙas: amsoshin tambayoyinku kan jona faifan ajiya da kwamfutar tebur

Wasiƙun da suka taru a wannan karon galibinsu daga Zariya suke, kuma kusan duk a kan abu ɗaya: faifan ajiya na waje, wanda kowa ya fi sani da haddis, da yadda ake jona shi da kwamfutar tebur. Mun taƙaita wasu, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, ɗalibai ne akasarin masu zuwa. Akwai wani ƙaramin haddis mai 1TB da nake tara furojet ɗinsu a ciki. Idan na jona shi ta gaban kwamfuta sai fitilarsa ta kama, ya riƙa yin ƙas, ƙas, ƙas, wani lokaci har da ɗan kuka siriri, amma ba ya buɗewa. A laftof ɗin ƙanena kuwa lafiya lau. Mutuwa ya yi ko kwamfutata ce? Daga mai shago a Samaru.

Wa alaikumus salam. Malam, tunda ya buɗe a laftof, bai mutu ba. Yunwa yake ji.

Cikin wannan ɗan akwati akwai faifai da wani ƙaramin inji ke juya shi sau 5,400 a minti ɗaya, da allura mai karanta bayanai wadda ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Injin ya fi jan wuta a daidai lokacin da zai tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙwan fitila ke ɗan dusashewa idan firiji ya kama ya san abin da muke nufi. Haddis mai inci 2.5 irin naka bolt 5 yake sha, kuma a daƙiƙoƙin farko yakan nemi kusan amfiya 1. Kafar USB 2.0 kuwa a ƙa'ida rabin amfiya kawai aka ɗora mata ta bayar, ita USB 3.0 amfiya 0.9. Idan wutar ta gaza, injin zai fara juyawa, ƙarfin ya faɗi, allura ta koma mazauninta da ƙas, sannan a sake gwadawa daga farko. Kukan siririn nan kuma injin ne ke ƙoƙarin juyawa ya kasa.

Me ya sa ta gaba ce ta fi bayar da matsala? Kafofin baya a jikin madabod suke, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfuta, liƙe da dalma. Na gaba kuwa wata siririyar waya ce ta taso daga madabod ta ratso cikin akwatin ta kawo musu wuta, kuma duk tsawon da wuta ta bi a siririyar waya sai ta rage. Ga shi su ne kowa ke cusa wa filash safe da yamma, don haka sun saki, ƙurar hunturu ta cika su.

Ka bi wannan tsari, ɗaya bayan ɗaya. Da farko ka zagaya bayan kwamfutar ka nemi kafa mai shuɗin harshe, ko wadda aka rubuta SS a gefenta, don a wasu kwamfutocin ofis baƙa ce amma da wannan alamar. Ka jona haddis ɗin kai tsaye, ba ta wayar ƙari ba, ba ta hob ba, wato 'yar na'urar da ke raba kafar USB ɗaya zuwa da yawa. Idan bai yi ba, ka canja wayar da gajeriya mai kauri, wadda ba ta wuce rabin mita ba. Wannan batu na waya mutane sun raina shi. A jikin robar waya mai kyau za ka ga an buga lamba kamar 28AWG ko 24AWG, kuma ƙaramar lamba ita ce ƙarfe mai kauri. Wayar ƙari mai 28AWG mai tsawon mita ɗaya da rabi tana iya cinye fiye da rabin bolt idan haddis yana tashi, sai bolt 4.4 ya isa gare shi alhali ba ya son ƙasa da 4.75.

Idan kwamfutar tsohuwa ce mai USB 2.0 zalla, akwai waya mai kai biyu, wadda ta rabu kamar baka. Kai ɗaya na bayanai da wuta, ɗayan na wuta kaɗai. Ka fara cusa kawunan biyu a bayan kwamfuta, sannan ka jona haddis ɗin a ƙarshe. Amma mu mun fi son ka sayi katin USB 3.0 da ake cusawa a ramin PCIe na madabod, musamman irin wanda ake jona wa wayar wuta daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Zai magance yunwar, ya kuma ƙara gudu: USB 2.0 ba ta wuce kimanin 35MB a daƙiƙa, alhali haddis ɗin kansa yana iya haura 100MB. In akwatin kwamfutarka siriri ne, ka tabbata katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa.

Masu gyaran waya suna da wata 'yar mita da ake sa wa tsakanin kafar USB da na'ura, tana nuna bolt da amfiya. Ka ara ka sa, ka zuba wa lambar ido a daidai lokacin da haddis zai tashi. In ka ga ta faɗo daga 5.0 zuwa 4.5, magana ta ƙare.

Sai dai a kula. Haddis ɗin da ke ƙas-ƙas a kowace kwamfuta, da kowace waya, wannan ciwon a cikinsa yake. A daina jona shi, domin kowane ƙas yana iya zama allura ce ke kartar faifai. Kada a buga shi a tebur, kada a sa shi a firiza kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada kuma a kwance murfinsa a shago. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ina da babban haddis mai 4TB, irin wanda ake jona wa wuta daban. Adaftarsa ta ɓace lokacin da muka canja shago. Yarona ya ce cajar laftof tana shiga ramin daidai wa daida. In sa? Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari.

Alhaji, ranka ya daɗe, kada a sa. Gara da aka tambaya tukuna, domin wannan kuskure ya kashe manyan haddis ba adadi.

Babban haddis mai inci 3.5 wuta iri biyu yake sha: bolt 12 don injin da ke juya faifai, bolt 5 don allon lantarkin da ke ƙarƙashinsa. Adafta tana kawo 12, gidan haddis ɗin ya rage wani kaso zuwa 5. Cajar laftof kuwa bolt 19 take bayarwa, wasu 19.5, wasu 20. Shigar kai cikin rami ba ya nufin komai, masana'antu da yawa kai iri ɗaya suke amfani da shi.

Idan za a sayi wata, a juya gidan haddis ɗin a karanta abin da aka rubuta a gindinsa, a tafi da shi kasuwa. Bolt dole ya zo daidai, 12V, kuma wutar DC, wadda alamarta layi ne miƙaƙƙe da ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Akwai adaftoci masu fitar da 12V na AC, da alamar layi mai lanƙwasa, waɗannan ba su yi ba. Amfiya kuwa a samu daidai ko fiye. Yawancin waɗannan haddis 1.5A aka rubuta musu, wasu 2A ko 3A. Mai 2A ko 3A ba za ta ƙona mai 1.5A ba, don na'ura abin da take buƙata kaɗai take ja. Ƙasa ce matsala. Adaftar dikoda ko ta rauta sau da yawa 12V 1A ce, za ta kunna fitila, faifai ya fara juyawa da gurnani, ya tsaya, ya sake farawa.

Sai alamar tsakiya. Akwai wani ɗan zane mai ɗigo da rabin zobe, da alamar tarawa a gefe ɗaya, ta ɗebewa a ɗaya gefen. Kusan dukkan haddis tsakiyarsu ce ke ɗauke da alamar tarawa. A tabbata zanen adafta ya yi daidai da na haddis. Na ƙarshe girman kai: faɗinsa na waje milimita 5.5, ramin ciki ko 2.1 ko 2.5. Ido ba ya bambance su sosai. In aka sa mai faɗin rami a kan siririn tsinke, zai shiga amma yana girgiɗi, da an taɓa tebur sai wuta ta yanke ana tsakiyar kwafi.

Kafin a jona, a sa mai gyaran rediyo ya auna ta da mita. Ya kamata ya ga tsakanin 12 da 12.5. Tsofaffin adaftoci masu nauyin nan kan nuna 15 ko fiye idan ba kaya a kansu, a bar su. Adafta mai maɓallin zaɓen bolt ita ma ba ma son ta a wannan aiki, yaro ɗaya ya murza maɓallin shi ke nan.

Masu sola kuma, kada a ce ai batir 12 ne a ja waya kai tsaye. Batirin da ake kira mai bolt 12 yana haura 14 idan yana caji, haddis kuwa bai jure fiye da kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa.

In kuma an riga an sa cajar laftof ɗin, a kwantar da hankali. A allon haddis akwai wani ɗan baƙin diyod kusa da bakin wuta wanda aikinsa ke nan, ya ƙone don ya kare sauran. Alamarsa ita ce ko an kawo adaftar kirki sai fitilarta ta riƙa ƙyaftawa, haddis ya yi shiru. Ƙwararren mai gyara yana iya auna shi ya canja shi, kuma sau da yawa bayanan suna nan lafiya. Abin da ba a yi shi ne ciro allon wani haddis a ɗaura masa haka kawai. Kowane allo yana da ɗan guntu mai riƙe da saitin faifansa, sai an ɗaga shi an mayar kan sabon allon.

Sana'ata tura finafinai da waƙoƙi da karatu a waya. Ina da ƙananan haddis biyar a jone da hob ɗaya. Biyu suna aiki lafiya, da na ƙara na uku sai ɗaya ya ɓace, kwamfuta ta yi ta ƙarar cirewa da sawa. Daga mai shagon turi a Kwangila.

Ɗan'uwa, lissafi ne. Hob ɗin da ba shi da tasa adafta, wutar kafa ɗaya yake raba wa duk abin da aka jona masa. Tuwon mutum ɗaya ka ajiye wa mutum biyar. Mamakinmu ma shi ne da biyu suka tashi.

Haddis biyar, kowanne amfiya 0.9, ya kama amfiya 4.5 a bolt 5, wato wat 22.5. Ka nemi hob na USB 3.0 mai adaftar kansa, ka kuma karanta jikin adaftar ba kwalin ba. Da yawa kafa bakwai gare su amma adaftar 5V 2A ce, wat 10 ke nan, ba za ta ɗauki fiye da haddis biyu ba. Mai adaftar 12V 3A ya ba ka wat 36, wannan ya isa. In ka samu mai maɓalli a kowace kafa ya fi, sai ka riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar daƙiƙa biyar, don kada su yi ja tare. Wayoyin kwastomomi kuma a raba su da wannan hob, su ma caji suke zuƙa.

Ka sani fa, ko wuta ta wadata, duk bayanan ta waya ɗaya za su bi. Kana kwafa daga uku lokaci guda, kowanne zai yi nauyi.

In da za ka ji tamu, mai sana'a irin taka bai kamata ya dogara da tarin ƙananan haddis a kan tebur ba, inda gwiwar hannu ɗaya za ta iya sharo su ƙasa. Ka sayi babba ɗaya ko biyu masu inci 3.5 ka ɗaure su cikin akwatin kwamfutar. Waya biyu kowanne ke buƙata: siririyar SATA mai haƙora 7 zuwa madabod, da mai faɗi mai haƙora 15 daga fawa-fak. Ka kashe kwamfuta, ka zare wayarta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsi. Ka ɗaure shi da sukurori huɗu, ba biyu ba.

Abu biyu za ka duba tukuna. Kowane babban haddis yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi, huɗu sun kusa wat 100 ke nan, alhali ƙananan kwamfutocin ofis da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda suka cika kasuwa, fawa-fak ɗinsu bai wuce wat 180 zuwa 240 ba, kuma gurbin haddis ɗaya ko biyu gare su. Don haka sai kwamfuta mai dogon akwati. Na biyu, idan kawunan wuta sun ƙare za a sayar maka da wayar da ke mayar da tsohon kai mai rami huɗu zuwa SATA. Ka guji irin wadda aka narka roba aka rufe kanta ruf, an san ta da narkewa har ta kama wuta. Ka nemi wadda kake ganin kowace waya ta shiga raminta. Araha ba ta ado.

Wayar haddis ɗina ta lalace. Na lura wayar cajin tsohuwar wayata tana shiga rabin ramin, kuma ya buɗe. Akwai illa? Daga ɗaliba a Kongo.

Babu, Malama. Da gangan aka ƙera ramin haka, ɓangarensa mai faɗi daidai yake da na tsohuwar wayar Android. Sai dai gudun USB 2.0 za ki samu, kuma in wayar siririya ce yana iya yankewa. Ki kwashe abin da kike buƙata, ki sayi ta ainihi. Ki kuma riƙa cirewa a miƙe ba tare da murɗawa ba, don a wasu ƙananan haddis, irin su WD Elements da My Passport, bakin USB a jikin allon haddis ɗin yake, in ya karye ba maganar canja gida.

Ina ɗaukar bidiyon biki. Ina cikin kwafe aikin wani biki aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta sai kwamfuta ta ce wai sai na yi fomatin haddis ɗin kafin in yi amfani da shi. Aikin mutane uku ne a ciki, amarya ɗaya har ta fara kira. Daga mai hoto a Tudun Wada.

Allah ya kyauta. Abu na farko, kada ka danna amincewa. Bidiyoyinka mai yiwuwa suna nan, abin da ya lalace shi ne rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake, saboda wuta ta yanke ana cikin rubuta ta. Kamar littafi ne da aka yage shafin ƙunshiyarsa.

Kada ka rubuta komai a kansa. Ka samo wani haddis mai fili da ya kai girman abin da za ka ceto. Akwai manhajoji biyu na kyauta da ke zuwa tare, TestDisk da PhotoRec. Ta farko tana iya nuna maka foldojinka da sunayensu ka kwafe, ta biyu tana tsinto fayiloli ko da rajistar ta tafi gaba ɗaya, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Duk abin da aka ceto a zuba shi a ɗaya haddis ɗin. Za ka ji masu cewa ka yi masa chkdsk, wato umarnin Windows na gyara faifai. Ka bari sai ka gama kwashe kayanka, don shi gyara yake yi a kan faifan kansa, in ya yi kuskure ba komawa baya. Kuma in katin kyamarar yana nan ba ka goge ba, ka ajiye shi gefe yanzu.

Don gaba, UPS ne maganin, wato akwati mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ba sitabilaiza ba. Sitabilaiza daidaita wuta take yi, ba ta riƙe ta ko na ƙyaftawar ido. UPS mai 650VA yana ɗaukar kimanin wat 360, ya ishi kwamfutar ofis da allonta na 'yan mintoci, wanda ya isa ka tsayar da kwafi ka kashe. Kwamfutar tace bidiyo mai babban katin hoto tana buƙatar wanda ya fi wannan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona kwamfuta a UPS a bar adaftar haddis a soket ɗin bango. Wuta na tafiya kwamfuta tana nan a kunne, haddis ya mutu a tsakiyar rubutu, an koma gidan jiya. Su biyun duk a UPS. Firinta mai leza da injin hoto-kwafi kuwa kada su kusance shi.

Batirin da ke cikin ƙaramin UPS 12V 7Ah ne, kuma zafi yana cin sa. Bayan shekara biyu ka gwada shi: kunna kwamfuta ba tare da haddis ba, ka kashe soket ɗin bango, ka ga minti nawa zai yi. Wasu UPS ɗin ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, sai su yi ta tsalle tsakanin batir da layi har batirin ya ƙare. Mai inbata kuma ya duba ko tana da saitin UPS. Fawa-fak ɗin kwamfuta yana riƙe wuta na kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa, in inbata ta fi haka jinkirin sauyawa kwamfuta za ta mutu ta tashi.

Idan aka dawo da wuta, a ba ta minti biyu ko uku ta natsu kafin a kunna. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare daga bango gaba ɗaya.

Kwamfutar marigayi mahaifinmu ta mutu, akwai rubuce-rubucensa da hotuna a ciki. Na ciro haddis ɗin, na sayi wayar da ke mayar da SATA zuwa USB, amma ko motsi ba ya yi. Daga mai karatu a Ƙofar Doka.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Haddis ɗin kwamfutar tebur inci 3.5 ne, yana buƙatar bolt 12, kafar USB kuwa 5 kaɗai gare ta. Wayar da ka saya ta haddis ɗin laftof ce da SSD, faifan ajiyar nan da ba ya da inji mai juyawa. Ba ta yi masa illa ba, ba ta dai iya tayar da shi. Ka nemi irin wadda ke da ramin adaftar 12V 2A, ko mazaunin da ake tsayar da haddis a ciki kamar burodi a injin gashi. Ka fara ba shi wuta, ka ji ya gama tashi, kimanin daƙiƙa goma, sannan ka cusa USB. In kana da wata kwamfutar tebur mai rai, jona shi a cikinta ta SATA ya fi duk wannan sauƙi da aminci.

In ka ga bakinsa ba SATA ba ne, tsinkaye ne layi biyu kusan 40, to tsohon samfurin IDE ne. Shi ma akwai adaftarsa, da wutarsa mai rami huɗu. Wannan kan yana da kusurwa biyu a daddatse, kada ka tilasta shi a juye, don jar waya bolt 5 ce, rawaya 12, in suka musanya allon ya tafi. Kada kuma ka kwantar da shi tsirara a kan ƙarfe, ka shimfiɗa kwali.

Yana iya tashi amma ka rasa shi cikin jerin faifai. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc. In ka gan shi a can ba harafi, ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths ka ba shi harafi. In aka nemi ka yi Initialize ko Format, ka ƙi. Kuma ranar da ya buɗe, a ranar ka kwafe komai wuri biyu. Haddis ɗin da ya daɗe a ajiye ba a yi masa alkawarin gobe.

Nawa yana aiki lafiya, amma in na bar shi na ɗan lokaci sai ya yi barci, in na danna folda sai na jira, wani sa'in ya ɓace sai na cire na mayar. Daga ma'aikaciya a Shika.

Hajiya, Windows ce ke tsimin wuta. Ki shiga Control Panel, sai Power Options, sai Change plan settings, sai Change advanced power settings. A ƙarƙashin Hard disk za ki ga an sa minti 20, ki mayar da shi 0. A ƙarƙashin USB settings ki kashe USB selective suspend. Sannan a Device Manager, cikin Universal Serial Bus controllers, ki buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management ki cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. Wasu gidajen haddis suna da nasu agogon barci a ciki, wannan sai da manhajar kamfanin da ya ƙera su.

Jiran daƙiƙa biyar ba ciwo ba ne, ɓacewar ce abin dubawa. In ta ci gaba bayan wannan saiti, ki sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce. In lambar da ke layin C7 tana ƙaruwa, hanyar da bayanai ke bi ce ke da matsala, wato waya ko bakin haɗi. In layin 05 ko C5 ya tashi daga sifili ya zama rawaya, faifan ne ya fara gajiya, ki kwashe kayanki.

Na sayi mai 1TB, kwamfuta ta nuna 931GB. An cuce ni? Abokina kuma nasa 4TB ne amma 2TB kawai yake gani. Daga Gyallesu.

Ba a cuce ka ba. Masu ƙerawa da 1,000 suke ƙirga, Windows da 1,024, shi ne bambancin. Mai 4TB zai nuna kimanin 3.63TB. Na abokinka kuwa an tsara shi ne da tsohon tsarin MBR, wanda ba ya ganin fiye da 2TB. Ya kwashe kayansa wani wuri, ya share rabe-raben a Disk Management, wato diskmgmt.msc ɗin da muka ambata, ya mayar da shi sabon tsarin GPT. In kuma fim mai girman fiye da 4GB ya ƙi shiga alhali akwai fili, da tsarin FAT32 aka yi masa fomat, a mayar da shi tsarin NTFS, ko exFAT in za a riƙa kai shi kwamfutar Apple.

Cutar gaske tana wani wuri: gidan haddis mai kyan gani, ciki filash ne da ɗan ƙarfe da aka manna don nauyi. Ka jona shi a gaban mai sayarwa ka ɗora tafin hannunka a kai. Haddis na gaske za ka ji ɗan kaɗawar injinsa. Don tabbatar da girma, manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, sai dai tana cin sa'o'i.

A tsaye ya fi ko a kwance? Nawa yana zafi sosai. Daga Palladan.

Duk biyun daidai ne, muddin ba zai faɗi ba kuma ba a motsa shi yana juyawa. Wanda ke tsaye a bakin tebur da waya tana reto, ranar faɗuwarsa kawai ake jira. Zafi kuwa, yawancinsu an rubuta musu iyakar digiri 60, amma mun fi son ka riƙe shi ƙasa da 45. A watannin Maris da Afrilu, a shago mai rufin kwano, iskar ɗakin kanta ta kusa 40, don haka gidan roba ba ya da inda zai kai zafinsa. Kada ka ɗora shi a kan akwatin kwamfuta ko UPS, kada ka jera ɗaya kan ɗaya, kada ka bar kyallen da kake rufe shi saboda ƙura a kansa yana aiki. Ka ɗaga gindinsa da murafun kwalba huɗu iska ta riƙa bi ta ƙasa, ka juyo masa ƙaramar fanka idan za ka yi doguwar kwafi. CrystalDiskInfo ɗin nan da muka ambata tana nuna zafinsa a gefen hagu, in ka ga ya haura 50 ka tsayar da aikin ya huce.